Akuya Daban, Tunkiya Daban, Musamman a Nan Azuba



A littattafan fiƙihun da muka karanta a zaure da Islamiyya, kalma ɗaya Larabawa suka yi wa akuya da tunkiya, wato ganam. Mutumin da ke da tumaki 25 da awaki 15, idan shekara ta kewayo masa, ba zai ce tumakina ba su kai nisabi ba, awakina ma ba su kai ba. Haɗa su ake yi su zama 40, ya fitar da guda ɗaya, kuma daga cikin waɗanda suka fi yawa ake ɗauka. Haka zai riƙa ba da ɗaya har su kai 120, daga 121 ya ba da biyu, daga 201 ya ba da uku. Duk wanda ya yi Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta wannan wurin. To amma littafin nan da ya haɗa su a babin zakka, da ka yi gaba kaɗan ka iso babin layya sai ka tarar ya raba su, ya jera su sahu-sahu, wannan gaban wancan, har shekarun da ake so kowa ya kai ba iri ɗaya ba ne. Alƙur'ani mai girma ma, inda ya lissafa dabbobin ni'ima a Suratul An'am, kowanne da sunansa ya ambace shi.

Mu nan unguwa, mutum nawa ne ke da dabba 40? Ka bi gida-gida, uku ne, biyar ne, in ya yi yawa goma. Saboda haka babin da ya haɗa su ɗin bai hau kan yawancinmu ba. Amma abin mamaki, shi muka ɗauka muke aiki da shi a tsakar gida. Turke ɗaya, kwanon dusa ɗaya, maganin tsutsa ɗaya, lokacin saki ɗaya. In aka tambayi mutum me kake kiwo sai ya ce 'yan dabbobi, shi ke nan. Mu da muke saye da sayarwa, kuma ake kiranmu sulhu idan dabba ta yi ɓarna, mun daɗe da lura cewa yawancin asarar da ake yi da yawancin rigimar da ake kawo mana daga nan suke tasowa.

Tun daga baki aka rabu. Tunkiya kanta a ƙasa yake. Leɓenta na sama a tsage yake, da shi take bin gajeriyar ciyawa tana yanke ta har gindi, ta ɗan matsa gaba ta ci gaba, ba ruwanta da abin da ke sama. Akuya kuwa kanta a sama yake. Ganye take nema, da toho, da fure, da ɓawon itace. Za ta tashi tsaye a kan ƙafafunta na baya ta dafa katanga ko kututture ta kamo reshen da yaro ɗan shekara bakwai ba zai kai ba. Ta ɗanɗana nan, ta bar shi, ta ɗanɗana can. Mutane suna cewa akuya ba abin da ba ta ci, har takarda da sabulu. Wannan ɗanɗane ne na son sani. In dai maganar cin ƙoshi ce, akuya ta fi tunkiya tsantsami nesa ba kusa ba. Zuba harawa a ƙasa, bari a taka ta ko fitsari ya taɓa ta, tunkiya za ta iya daurewa ta ci, akuya kuwa sai ta shinshina ta juya, ta kwana da yunwa tana kuka, uwargida tana cewa ba ta da lafiya. Ɗaure harawar nan da igiya ka rataye ta daidai kanta ka ga aiki.

Sauran alamomin jiki yara ma sun san su. Wutsiyar akuya a ɗage, ta tunkiya a sake. Bunsuru da gemu da wari, rago da murɗaɗɗen ƙaho da gashin wuya. In za su yi faɗa, bunsuru tashi yake sama ya sauko da kai, rago kuwa baya yake ja ya zo a guje, abin da ya sa Bahaushe ya ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ba a haɗa su turke kusa don wannan, karonsu ba iri ɗaya ba ne. Cikin wata biyar kowaccensu take yi, amma ba sa haifa wa juna.

Hali ma haka. Tunkiya ba ta son kaɗaici, inda ta gaba ta sa ƙafa nan sauran za su sa. Duk wanda shagonsa ke bakin titin nan na Lafiya zuwa Akwanga ya ga yadda abin yake. Guda ɗaya ta tsallaka, sauran sai su biyo ta a jere, ko tirela ce tafe ba su da labari. Tun da aka faɗaɗa titin motoci suka ƙara gudu, kuma tumaki suna son kwanciya a gefen kwalta da dare saboda ɗumi da rashin laima. Akuya ba kasafai mota ke samunta ba. Ita takan tsaya ta duba. Amma wannan wayon nata shi ne fitinarta. Tunkiya in ta ga danga ta ga iyaka. Akuya in ta ga danga sai ta bi ta tana turawa da kai har ta gano inda kara ya ruɓe, kuma gobe wurin za ta dawo, ta zo da 'ya'yanta. Hausawa suna zagin mutum da tunkiya idan ba ya ganewa, suna zaginsa da ɗan akuya idan ba ya jin magana. Sun san abin da suke faɗa.

Yanzu mu zo kan inda muke zaune. Iyayenmu da kakanninmu daga arewa suka gangaro, wasu ƙasar Kano, wasu Katsina, wasu Zazzau, wasu Sakkwato, da fatauci da almajiranci da neman abinci. Sun zo da harshe da addini da sana'a, sun kuma zo da irin kiwon da suka sani. Can damina gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu, ƙasa rairayi ce, ruwa na sauka ta shanye. Nan kuwa ruwa yana farawa tun wajen watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ta yi nisa. Ciyawa ta fi mutum tsawo, laima ko'ina, kaska da ƙuda ba a magana, ga tsando a bakin rafuka.

Shi ya sa in ka duba dabbobin da muka tarar a hannun manoman wannan yanki za ka ga gajeru ne, musamman awakin, ƙafafu guntaye, jiki a cure. Mukan raina su, mu ce ba su da girma. To su ne 'yan gida. Suna jure sammore da laima yadda doguwar akuyar Barno ba za ta iya ba, kuma tagwaye ba komai ba ne a wurinsu, har uku suna haifa. Cikin namu na arewa, jar akuyar Sakkwato, wadda mutanen Nijar ke kira akuyar Maraɗi, takan zauna in ta samu busasshen wurin kwana. Cikin tumaki kuma Yankasa ce mai haƙuri, farar nan mai baƙi a ido da kunne da baki, sunanta ma ai ya faɗa, 'yar ƙasa. Amma Uda mai rabi baƙi ko ja rabi fari, da Balami farin nan ƙato mai gungumemen hanci, waɗannan 'ya'yan sahel ne. Ana lodo su daga Maigatari da Mai'aduwa da Illela da Potiskum gab da Salla, a sauke a kara, a saya a yanka cikin mako biyu, ba matsala. Wanda ya ce zai sayi Balami tun watanni biyar kafin Salla ya turke shi a cikin daminar Azuba don ya ci riba, to ya shirya wa ciwon kofato da mura da zawo. Mun ga waɗanda suka gwada. Wasu sun fita da uwar kuɗi, wasu wuƙa aka yi gaggawar sawa da dare, aka sayar wa mahauta yadda suka ga dama.

Ciwon ma kowa da nasa. Tsutsar ciki a jikin gajeriyar ciyawa mai raɓa take hawa. Tunkiya da yake nan ne wurin cinta tun asali, jikinta ya ɗan saba, ko da yake ita ma tana kayar da ita. Akuya kuwa Allah ya yi ta mai ci daga sama, inda tsutsa ba ta kaiwa. Idan muka ɗaure ta a fili ɗaya kullum, muka tilasta mata cin ciyawar ƙasa kamar tunkiya, a wurin da take kashi, sai tsutsa ta cika ta. Ka ja fatar idonta ka ga ta yi fari fat, ƙasan haɓa ya kumbura, gashi ya tashi. Malaman dabbobi kuma sun ce awon maganin tsutsa na akuya ba ɗaya ba ne da na tunkiya, jikinta ya fi saurin fitar da shi, don haka a tambaye su kafin a ɗura. Akuya ba ta son dukan ruwa ko kaɗan, hadari na haɗuwa za ka ga ta nufo zaure a guje, tunkiya kuwa tana tsaye a ciki. Sai annobar nan mai zuwa da majina da ciwon baki da zawo, wadda likitoci ke kira PPR. Tun 1942 aka fara gane ta a ƙasar Kwaddibuwa, tana kama duka biyun, amma awaki ta fi yi wa kisan kiyashi. Yawanci daga kasuwa ake sayo ta: a kawo sabuwar dabba yau, a haɗa ta da na gida yau, bayan mako guda gida ya zama kango. Akwai allurar rigakafinta, a Vom ta jihar Filato ake yin ta, kuma guda ɗaya tana kare dabba shekara uku. Shi kuwa ragon turka, ciwonsa daga gatan da muke yi masa ne. Dusa safe, dusa rana, dusa dare, ba isasshen ruwa, ba harawa, sai tsakuwa ta toshe masa mafitsara, ka ga yana nishi yana ɗaga wutsiya ba abin da ke fita.

Duk wannan asarar mai dabba ce shi kaɗai. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wadda take shafar wanda ba shi da dabbar.

A arewa shekara kashi biyu ce ga dabba. Da shuka ta fito mai gari zai sa a yi shela kowa ya ɗaure, da an kawar da amfanin gona a saki kowa ya huta. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk suna barin gona kafin sanyi ya yi nisa, abin da ya rage kara ne da harawa, dabba ta ci ta bar wa mai gona taki, kowa ya amfana. Da wannan lissafin muka zo, har yau da shi muke aiki: kaka ta yi, a kwance igiya. To a nan gona ba ta zama fanko. Rogo shekara yake yi a ƙasa, wani ya fi. A tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe, gonar rogo ce kaɗai kore, kuma tsawonsa daidai bakin akuya. Tana cin ganyen, tana ɓare ɓawon sandar, alhali sandar nan ita ce irin da mai gona zai sara ya dasa baɗi. Doya kuma tun kafin ruwa ya sauka ake tula mata ƙasa a binne iri, tohonta na farko shi ne ranta, in aka cinye shi an gama da wannan tulin. Ga masu dasa mangwaro da lemo da yazawa, ƙaramar bishiya in akuya ta zagaye ɓawonta ta mutu, aikin shekara uku ya tafi a yini ɗaya. Tunkiya in ta shiga gona tana ɓarna, ba mu wanke ta ba, masara ƙarama da shinkafa da gyaɗa ba ta bar su ba. Amma yaro ɗaya da tsumagiya ya isa ya kora tumaki goma su bi hanya. Awaki goma kuwa hanya goma za su bi.

Wata rana da rani wata dattijuwa daga cikin maƙwabtanmu manoma ta zo har ƙofar masallaci bayan La'asar, da akuya a igiya, da sandunan rogo guda huɗu a hannu duk an ɓare su. Ba ta ɗaga murya ba. Da Hausarta mai kyau ta ce, Malam, karo na uku ke nan, mijina ya rasu, rogon nan da shi nake biyan kuɗin makarantar jikokina. Aka nemo mai akuya. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, ai rani ne, kuma ai dabba ce, ba ta da hankali. Dattijuwar ta dube shi ta ce, ita ba ta da shi, kai fa? Aka yi sulhu, ya biya wani abu, ta karɓa. Amma mun ga fuskar ɗanta da ya rako ta, saurayi, yana tsaye gefe bai ce uffan ba. Irin wannan shirun ba ya ƙarewa a wurin.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Muna zaune ne tsakiyar mutanen da noma shi ne rayuwarsu, Eggon da Gwandara da Alago da Migili da sauransu. Tare muke cin kasuwa, su ne masu sayen kayan shagunanmu, a wurinsu muke sayen doya da riɗi da agushi. Waɗanda suka kai shekarunmu sun ga abin da jihar nan ta shiga tsakanin 2012 da 2014, ba mai son ya sake gani. Maƙwabciyarmu Binuwai kuma tun 2017 ta kafa dokar hana kiwon sake. Idan ana maganar rikicin manoma da makiyaya mukan ɗauka zancen masu shanu ne a daji, ba namu ba. Amma wadda aka cinye wa rogo ba ta tambayar ko saniya ce ko akuya. Abin da za ta riƙe shi ne daga wace unguwa dabbar ta fito. Sau nawa aka tsinci akuya an sare mata ƙafa, ko ta dawo gida tana kumfa ta mutu? Sai mu ce mugunta ce. E, mugunta ce, ba mu halatta ta ba. Amma kafin ranar, sau nawa aka zo aka yi mana magana?

Shari'a ba ta bar wannan a buɗe ba. Suratul Anbiya ta ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, a kan gonar da dabbobin wasu mutane suka shiga da dare. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke lokacin da taguwar Bara'u ɗan Azib ta yi ɓarna a wata gona, inda ya ɗora tsaron gona da rana a kan masu ita, ya ɗora lamunin ɓarnar dare a kan masu dabba. Wasu daga cikinmu rabin farko kaɗai suka haddace. Da an kawo ƙara sai su ce ai da rana ne. To malaman mazhabarmu ba su bar shi haka sakaka ba. Muhtasar na Shaihu Halil ya sa sharaɗi: sassaucin rana yana ga wanda ya kai dabbarsa nesa da gonaki ya sake ta. A Azuba ina ne nesa da gonaki? Bayan katangar gidan mutum gonar wani ce. Sannan dabbar da aka san ta da ɓarna, aka yi wa mai ita kashedi, wannan ba dare ba rana, lamuni na kansa. Kuma abin da ake biya ƙimar abin da aka ɓata ne, ko da ya fi kuɗin dabbar. Ba a kuma ce sai gonar Musulmi ba. Haƙƙin maƙwabci haƙƙi ne ko wane addini yake bi.

To me ya hana mu killace awakin? In muka bi diddigi, amsar tana cikin gidajenmu. Rago na maigida ne, akuya ta uwargida ce. Rago yana da rumfa, yana da kwano, ana yi masa wanka da sabulu, maigida na dawowa daga kasuwa shi zai fara dubawa, wani kafin ya tambayi yara. Akuya kuwa ba wanda ya taɓa sayo mata dusar naira ɗaya. Da safe a buɗe mata ƙofa ta je ta nemi rabonta, wato ta je ta ci na wani. Alhali in ka duba da kyau, wace ce ke riƙe da gidan? Rago sau ɗaya yake amfani a shekara, ranar da aka yanka shi ko aka sayar. Akuya mai kyau tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu, sau da yawa biyu-biyu. Yaro ya kwanta asibiti, ɗan akuya ake kamawa. Kuɗin jarrabawa, taure. Kayan ɗakin yarinya, iyayenmu mata sun san awaki nawa suka tafi a kai. Kasuwarta kuma ba ta jiran Salla: masu suna suna nema, masu gidan abinci suna nema kullum, in Kirsimeti ta matso kuwa 'yan'uwanmu Kirista da fatake masu lodi zuwa kudu har rububinta suke. Bankin mata ce, sai dai banki ne da maza suka ƙi yi wa ƙofa. Matar da ke cikin gida ba ita za ta sari itace ta kafa shinge ba, ba ita za ta hau bishiya ta saro ganye ba. In an kawo ƙara kuma maigida ya ce ba tawa ba ce, ta iyali ce.

Wannan fifikon da muke yi wa rago yana da asali, ba mu musa ba. A mazhabar Malik rago shi ne kan gaba a layya, sai wanda aka dandaƙe, sai tunkiya, sannan bunsuru, sannan akuya. Amma a lura da inda jerin ya ci gaba: akuya tana gaban sa da raƙumi a layya, saboda abin da ake nema daɗin nama ne, ba yawansa ba. A hadaya ta mahajjata ne raƙumi ke gaba. Bambancin da ke tsakaninsu na shekaru ne. Rago in ya cika shekara ya isa, har akwai malaman da suka sauko ƙasa da haka, akuya kuwa sai ta cika shekara ta shiga ta biyu shiga bayyananniya. Sahabin nan Abu Burda da ya yi gaggawar yanka kafin sallar Idi, aka yi masa rangwame ya maye da 'yar akuyar da ba ta kai ba, an gaya masa shi kaɗai aka yi wa. Don haka mai sayen akuyar layya ya buɗe bakinta, in haƙoran gaba biyu na ƙasa sun fita manya sun maye, hankalinsa ya kwanta. Ragon suna ma da muke cewa, suna ne kawai, akuyar da ta cika sharuɗɗan layya ta isar, ɗa namiji ne ko mace.

Duk da haka kowace shekara sai mun ga magidanci ya zo shago yana neman rance, ko ya ɗauki rago bashi a hannun dillali zuwa bayan Salla da ƙarin da shi kansa ya san ya yi yawa, alhali akwai taure biyu masu ƙiba a gidansa. In ka ce masa, Alhaji, me ya hana ka saya a hannun uwargida ka yanka, kuɗin ya zauna a gida? Sai ya ce yara za su ji kunya a unguwa. Wasu kuma su haɗa kuɗi mutum bakwai su sayi sa, wanda a wurin wasu mazhabobi ya halatta, amma a wurin Malik ba a tarayya cikin kuɗin abin layya, sai dai mutum ya shigar da iyalinsa cikin lada. Rabin abin da ake ƙarawa don a ce wane ya yanka babban rago ya isa ya kafa wa awakin gidan wurin zama na shekara da shekaru.

Ko fatar ma, da za mu tuna. Buzun da malamanmu ke zama a kai na rago ne, gaskiya. Amma fatar da ta kai sunan ƙasar Hausa har Turai ta jar akuyar Sakkwato ce. Majema su jeme ta, fatake su bi da ita Sahara, Turawa su saye ta a bakin teku suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita.

Killace akuya ba kamar killace tunkiya ba ne, kuma nan ne waɗanda suka gwada suka gaji suke kuskurewa. Tunkiya turke da inuwa da ciyawa sun ishe ta. Akuya tana son shinge mai tsawo da ba shi da wurin taka ƙafa, da rufi saboda ruwa, da ɗan dandamali na katako ko tudun ƙasa da za ta hau ta kwanta a bushe. Abincinta kuma a sama: ganyen mangwaro, ganyen gamji da ɓaure da cediya, harawar gyaɗa da ta wake, a ɗaure a rataye. Mu da muke cikin ƙasar rogo da doya ma Allah ya sauƙaƙa mana, ɓawonsu yana nan tuli a wurin masu gari da masu abinci, sai dai ɓawon rogo a shanya shi ya bushe sarai kafin a ba dabba, ɗanyensa yana kisa. Da yawa daga cikin manoman da muke ɓata wa rai, da za mu je da mutunci, da kansu za su sayar mana da harawa da ɓawon, wasu ma su ba mu a musayar taki, don takin awaki da aka tara wuri ɗaya abin nema ne a wurin mai lambu.

Mun yi magana da wasu daga cikin dattawan unguwa, kuma muna so mai unguwa ya ji ta nan kafin mu same shi. Shelar ɗaure dabbobi da ake yi farkon damina a bar ta yadda take ga tumaki. Ga awaki kuwa a cire mata ranar saki. Gidan da ba namiji mai ƙarfi, zawarawa da tsofaffi, samarin masallaci su ɗauki Asabar ɗaya su kafa musu shinge, mu 'yan kasuwa mu kawo ƙusa da waya. A kuma nemi malamin dabbobi daga Lafiya ya zo rana ɗaya ya yi wa na unguwa duka allura kafin sanyi ya shigo, don kwalbar rigakafin ta dabbobi da yawa ce, in an buɗe ta ba ta kwana. Wanda ke da awaki ya fara ƙirga su tun yanzu, ya kawo mana adadin a shago ko bayan sallar Magariba.